Likita ya ce 'yata tana da cutar waswasi, ya rubuta magani, mahaifinta ya ce ba za ta sha ba

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. 'Yata shekarunta tara. Wajen wata takwas ke nan da ta fara wanke hannu fiye da kima. Da farko har yabonta nake yi, ina cewa Allah ya ba ni yarinya mai tsabta. Yanzu bayan hannunta duk ya tsattsage, wani lokaci har da jini. In ta shiga banɗaki sai ta fi rabin awa, in na ƙwanƙwasa ta ce saura sau uku. Ba ta taɓa mariƙin ƙofa sai da gefen rigarta. Da dare kuma sai ta tambaye ni, "Mama, ba zan sa miki cuta ba ko?" In na ce a'a, sai ta ce in sake, ban faɗa daidai ba. Jiya sau goma sha ɗaya na faɗa kafin ta kwanta.

Likitan yara ya tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya yi mata tambayoyi ita kaɗai, ya yi mini ni kaɗai, ya ce cutar waswasi ce, wadda suke kira OCD, kuma tata ta yi ƙarfi. Ya ce tana buƙatar zama da masanin halayya duk mako, ya kuma rubuta maganin satralin. Mahaifinta ya ce zaman ya yarda, amma 'yarsa ba za ta sha maganin ƙwaƙwalwa ba. Kwana shida ke nan takardar na cikin jakata. Don Allah wanda ya san abin nan ya ba ni haske.

Kakar Yara:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai na raini yara bakwai, kowanne da irin tasa ƙuruciyar. Wani sai ya jera takalma kafin ya yi barci, wata ba ta kwanciya sai da tsummanta. Duk sun bari da kansu. Ki rage kula ta, ki ɓoye sabulun, ki dage da addu'a. Ban ga dalilin ɗura wa yarinya ƙwaya ba.

Ummu Abdallah:
Hajiya, da girmamawa, ina ganin ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Yaron da ke jera takalma yana jin daɗin abin, in aka hana shi ya ɗan yi rigima ya manta. Wannan yarinyar ba daɗi take ji ba, azaba take sha. Wa zai wanke hannu har jini don nishaɗi?

Maman Hanifa, ɗana yana da shekara goma nasa ya fara, yanzu sha huɗu. Shi duba ƙofa ne da taga, da tambayar ko wani abu zai same mu cikin dare. Na ɓoye abubuwa, na yi faɗa, na yi rarrashi, na yi kuka a gabansa. Ba abin da ya rage. Ɓoye sabulu ma mun ga irinsa, sai yaro ya koma wani abin. Likitanmu ya faɗa mana ma'aunin da suke dubawa: in tunanin da maimaitawar suna cinye fiye da awa ɗaya a rana, ko suna hana yaro karatu da barci da wasa, to an wuce ƙuruciya an shiga ciwo. Addu'a kuwa ba mu taɓa dainawa ba, tare muka haɗa da asibiti.

Baban Khalifa:
Ni ina tare da maigidanki. Ba wai ina musun ciwon ba ne. Amma na karanta da idona a takardar da ke cikin kwalin irin waɗannan magunguna cewa suna iya sa yaro tunanin kashe kansa. Yarinyar da ke wanke hannu kawai, a ba ta abin da zai iya kai ta can? Gara wankin hannun.

Mai Harhaɗa Magani:
Baban Khalifa, abin da ka karanta gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. Bari in faɗi asalinsa don a auna shi daidai. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tattara gwaje-gwaje 24 da aka yi wa yara da matasa sama da 4,400. Ta ga cewa cikin waɗanda suka sha irin wannan maganin, kusan kashi 4 cikin 100 sun nuna tunanin kashe kai ko yunƙurin cutar da kansu. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta, kusan kashi 2 ne. A duk gwaje-gwajen nan ba yaron da ya kashe kansa. Daga nan ne aka tilasta wa kamfanoni buga gargaɗin a cikin baƙin akwati a takardar.

Manufar gargaɗin ita ce a sa ido, musamman makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara ko aka rage yawan maganin. In yaro ya zama ba ya iya zama wuri ɗaya, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya riƙa fushin da ba a san shi da shi ba, ko ya fara maganar mutuwa, a kira likita a ranar, kada a jira ranar komawa.

Hukumar nan dai ita ce ta amince da magunguna huɗu don wannan cuta a yara. Satralin, wanda wasu suka sani da Zoloft, daga shekara 6. Fuloksetin, wato Prozac, daga 7. Fulufoksamin daga 8. Sai kilomifiramin, wato Anafranil, daga 10, shi kuma ba a fara da shi saboda ya fi nauyi, yana iya taɓa bugun zuciya, har sai an yi gwajin zuciya kafin a ba da shi. Don haka abin da aka rubuta wa 'yarki ba baƙo ba ne a shekarunta.

Baban Khalifa:
Na gode Malam. Amma kashi 4 da kashi 2, ai ninki biyu ke nan. In ɗanka ne ya faɗa cikin biyun da suka ƙaru, lissafi ba zai yi maka amfani ba.

Mai Harhaɗa Magani:
Haka ne, ninki biyu ne, ban musa ba. Sai dai a ɗora ɗaya ɓangaren ma a sikeli. Waswasin da aka bari ba magani shi ma yana jawo baƙin ciki mai tsanani, yana fitar da yara daga makaranta, kuma shi kansa yana ƙara haɗarin irin wannan tunanin. Barin yarinya a haka shi ma zaɓi ne mai haɗarinsa.

Malamar Halayya:
Sannunku. Aikina ke nan, zama da yara masu irin wannan matsala, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Maman Hanifa, ba zan iya yanke hukunci a kan yarinyar da ban gani ba, likitanku ne ya gan ta. Zan dai bayyana yadda abin yake aiki.

Cutar tana da ƙafa biyu. Ta farko tunani ne da ke faɗo wa yaro ba da sonsa ba: hannuna da ƙazanta, zan sa wa Mama cuta, ta mutu, ni ce sila. Tunanin yana zuwa da tsoro mai tsanani. Ta biyu ita ce abin da yaro ke yi don tsoron ya sauka: wankewa, dubawa, ƙirgawa, tambaya. Da ta wanke sai ta ji sauƙi na ɗan lokaci. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa sai ta riƙe cewa wankin ne ya ceci Mama, gobe sai ta nemi wanki biyu, jibi huɗu. Yarinyar ba ta taɓa samun damar ganin cewa ko ba ta wanke ba, ba abin da zai faru, kuma tsoron zai sauka da kansa.

Maganin zama da ya fi inganci shi ne wanda ake kira ERP, ni ina kiransa horon tunkarar tsoro. Wani masanin halayya a Landan, Victor Meyer, shi ya fara bayyana shi a 1966, a lokacin da ake ganin cutar ba ta jin magani. Yadda muke yi da yara: mu zauna da yarinya mu rubuta duk abin da take tsoro, ta ba kowanne maki daga sifili zuwa goma. Sai mu jera su kamar matakalar tsani. Mu fara da na ƙasa, misali ta taɓa teburin da ta ba maki uku, ta zauna ba ta wanke ba, muna hira, ina tambayarta yanzu tsoron nawa ne. Ta ga ya hau, ya tsaya, ya fara sauka. Ta maimaita a gida kullum har teburin ya zama ba komai. Sai mu hau mataki na gaba. Ba a yi wa yaro dole, ba a yi masa bazata, ba a kama hannunsa a dangwala a abin da yake gudu. Shi yake zaɓar matakin da zai taka. Yawanci zama 12 zuwa 20 ne, mako-mako.

Muna kuma sa yaro ya raɗa wa cutar suna, don ya rabe ta da kansa. Sai maganar ta koma, "Wannan ke ce, ko Mai Takura ne yake ba da umarni?" Yara suna kama wannan da sauri, kuma yana cire musu jin cewa su ne miyagu.

Ga inda zai yi miki nauyi, 'yar'uwa. Amsar nan da kike ba ta da dare sau goma sha ɗaya, a wurin cutar daidai take da wankin hannu. Tambayar aikin tilas ce, amsarki ita ce sabulun. Ba laifinki ba ne, kusan duk iyayen da nake gani haka suke yi, don wace uwa ce za ta ga 'yarta na kuka ta ƙi ce mata ba komai? Amma horon ba ya tafiya sai an rage wannan a hankali, da tsari, da sanin yarinyar.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Malama, wallahi na zauna ina kallon wayar nan hawaye na zuba. Ni ce ke buɗe mata ƙofa. Ni ce na ware mata tawul da ba mai taɓawa. Har ƙaninta na hana shiga ɗakinta in ya dawo daga wasa. Ashe ciyar da abin nake yi.

Ummu Abdallah:
Kada ki ɗora wa kanki, 'yar'uwa. Ni ma na bi ɗana muna duba ƙofa tare sau bakwai kowane dare har kusan shekara guda, ina ganin taimakonsa nake yi. Abu ɗaya dai zan gargaɗe ki: kada ki tashi gobe ki janye komai lokaci ɗaya. Na gwada haka da na fara fahimta, gidan ya zama filin yaƙi, yaron ya fasa kofi, ya kwana yana kuka, ni ma na karaya na koma gidan jiya. Da muka fara zama da masani, abu ɗaya tak ya ce mu zaɓa. Muka gaya wa yaron da rana, lokacin da hankalinsa ke kwance, cewa daga yau zan duba ƙofa tare da kai sau ɗaya, in ka sake tambaya zan ce, "Na san kana jin tsoro, kuma na san za ka iya jurewa." Ba ƙari. Daren farko ya yi wuya ƙwarai. Na biyar ya fi sauƙi.

Malamar Halayya:
Wannan jimlar da Ummu Abdallah ta kawo tana ɗauke da abu biyu da muke so: amincewa cewa tsoron na gaske ne, da nuna masa an yarda da ƙarfinsa. Akwai ma wani tsari da Eli Lebowitz ya fitar a jami'ar Yel ta Amurka, inda iyaye kaɗai ake zama da su, a koya musu rage irin wannan biyewar, don yaran da suka ƙi zuwa wurin masani sam.

Baban Khalifa:
To Malama, kin ga kin ƙarfafa maganata. In horon nan yana aiki haka, me ya kawo ƙwaya?

Malamar Halayya:
Tambaya ce mai kyau, kuma an gwada ta kai tsaye. A 2004 aka wallafa wani bincike da aka yi a Amurka a kan yara 112 masu shekara 7 zuwa 17. Aka raba su gida huɗu, aka bi su mako 12. Waɗanda aka haɗa musu horo da satralin, kusan kashi 54 cikin 100 alamunsu sun sauka har aka ce cutar ta lafa. Masu horo kaɗai, kashi 39. Masu satralin kaɗai, kashi 21. Masu ƙwayar da ba magani, ƙasa da kashi 4. Kowane gida yara 28 ne kawai, don haka kada a riƙe alƙaluman kamar an sassaƙa su a dutse, amma hanyar da suka nuna a fili take.

Abin da na ɗauka daga ciki: horon shi ne ginshiƙi. In za a ba yaro abu ɗaya tak, horon zan zaɓa. Shi ya sa in cutar mai sauƙi ce ko matsakaiciya, da horo kaɗai ake farawa. Amma in ta yi tsanani, tsoron yakan kai inda yaro ba zai iya taka ko matakin farko ba. A nan magani yake rage wutar har a samu shiga. Akwai ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, daga 0 zuwa 40. Daga 16 zuwa 23 matsakaiciya ce, daga 24 zuwa sama mai tsanani. Maman Hanifa, likitan ya gaya miki nawa ta samu?

Maman Hanifa:
Ya rubuta 27 a takardar. Ban san ma'anarsa ba sai yanzu.

Malamar Halayya:
To kin ga dalilinsa na haɗa biyun. Ba gaggawa ya yi ba. Duk da haka kuna da haƙƙin tambayarsa ko za a iya fara horon na wasu makonni a gani, shi kuma ya faɗa muku abin da yake tsoro in aka jinkirta. Shawarata ita ce mahaifinta ya je da kansa ya yi tambayoyinsa. Saƙon da uwa ta kawo gida ba ya kama da abin da uba ya ji da kunnensa.

Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa a nan: ku tambayi masanin da aka tura ku wurinsa ko horon tunkarar tsoro yake yi. Ba kowane mai ba da shawara ne ya iya shi ba. Zaman hira kawai, ko koyar da numfashi, ko binciken abin da ya faru da yaro yana ƙarami, ba sa kawar da wannan cutar. Wani ma yakan zauna yana tabbatar wa yaro cewa hannunsa a tsabtace yake, ya ƙara wa wutar itace bai sani ba.

Wanda Ya Sha Fama:
Na yi ta rubutawa ina gogewa. Ni ba uba ba ne, ni ne yaron. Nawa ya fara ina aji huɗu. Ba wanki ba ne, a cikin kai yake. Sai mummunan tunani ya faɗo mini game da mahaifiyata, ko wata kalma mara kyau ta zo mini a tsakiyar ibada, in ji kamar ni ne mafi sharrin halitta. Sai in yi ta maimaita wata jimla a zuci har sai na ji ta zauna daidai. Alwala kuma in yi ta sakewa har a idar da salla ban gama ba. An ce taurin kai ne, an ce iyayi ne. Ban taɓa gaya wa kowa abin da ke raina ba, don na ɗauka in aka ji za a kore ni daga gida. Sai da na kai shekara 26 na ji sunan abin a bakin likita. Shekara goma sha shida ina zaton ni kaɗai ne a duniya, alhali cikin yara 100 akan samu ɗaya zuwa uku masu irinsa.

Anti Maman Hanifa, abin da zan ce miki: mai yiwuwa abin da kike gani rabi ne. Ki gaya mata cewa akwai yara da yawa da munanan tunani ke faɗo musu, kuma tunanin da mutum ke ƙi ba ya nuna halinsa. Kada ki matsa mata ta faɗa miki, ki dai buɗe ƙofar. Ni da wani ya gaya mini wannan ina shekara goma, da rayuwata ta bi wata hanya.

Kan magani kuma, na sha, ina kuma yin horon. Bai mayar da ni wani mutum ba, bai sa ni maye ba. Tunanin yana zuwa har yanzu, amma kamar rediyo ne a ɗakin maƙwabci, ba a cikin kunnena ba.

Kakar Yara:
Ɗana, maganarka ta taɓa ni. Allah ya yafe mana abin da muka yi wa yara cikin rashin sani. Akwai ɗaya cikin nawa da nake tunawa yanzu, kullum shi ne na ƙarshe wurin fita, yana komawa yana taɓa bango. Na sha yi masa tsawa. Zan kira shi yau. Amma ina da tambaya ga mai magani: in aka fara ba yarinya, ba shi ke nan ta kamu ba har abada?

Mai Harhaɗa Magani:
A'a Hajiya. Ba ya cikin magungunan da ke sa maye ko ƙwaɗayin ƙari. Abin da ke akwai shi ne, in aka yanke shi dare ɗaya jiki yakan yi ƙorafi: jiri, tashin zuciya, rashin barci, saurin fushi. Shi ya sa ake sauke shi kaɗan-kaɗan a hannun likita. Yawanci in yaro ya samu sauƙi akan ci gaba wata 6 zuwa 12 kafin a fara ragewa, kuma akan zaɓi lokacin da ba jarrabawa ko wani tashin hankali a gida.

Kuskuren da na fi gani a wurin aiki shi ne gajen haƙuri. Wannan ba maganin ciwon kai ba ne da za a sha a ji sauƙi bayan awa guda. A waswasi yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukuncin ko yana aiki. Illolinsa kuwa su ke riga zuwa: ɗan ciwon ciki, tashin zuciya, ciwon kai, canjin barci, galibi a mako ɗaya ko biyu na farko, sannan su lafa. Sai iyaye su ga illa ba su ga amfani ba, su ajiye a mako na uku su ce bai karɓe ta ba. Ana farawa da kaɗan ne a riƙa ƙarawa. In na farko bai yi ba, akan canza zuwa ɗan'uwansa. Kuma a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, babba ne zai riƙa ba ta da hannunsa.

Malamin Aji Biyar:
Ta ɓangaren makaranta zan ɗan sa baki. Na taɓa samun ɗalibin da ke goge rubutu har takarda ta huje, in harafi ɗaya bai yi masa ba sai ya sake shafin duka. Na ɗauka wasa yake, ina rage masa maki. Da iyayensa suka zo suka yi mini bayani, muka tsara da masaninsa: ƙarin lokaci a jarrabawa na ɗan wani lokaci, amma gogewa sau ɗaya a layi. Maman Hanifa, ki sanar da malaminta guda ɗaya da kika yarda da shi. In ba haka ba, ko dai a hukunta ta kan yawan fita banɗaki, ko a bar ta tana fita sau goma, duka biyun ba alheri.

Abu Yasir:
Tambaya ɗaya. Abin a hankali ya zo ko dare ɗaya? Na ji ana danganta wani nau'in da ciwon maƙogwaro.

Malamar Halayya:
Akwai wannan. A 1998 Susan Swedo da abokan aikinta a Amurka suka bayyana yara 50 da alamunsu suka ɓarke farat ɗaya bayan kamuwa da ƙwayar cutar sitiref mai kawo ciwon maƙogwaro, sau da yawa tare da fizgar jiki, fitsarin kwance da lalacewar rubutu. In yaro ya kwana lafiya ya tashi wani mutum daban cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaya wa likita wannan a fili. Akasarin yara dai nasu a hankali yake zuwa.

Maman Hanifa:
Nata a hankali ne. Kuma da na yi tunani, ƙanwar mahaifinta ma tana da yawan duba abu.

Malamar Halayya:
Gado yana da hannu, musamman a wanda ya fara tun yarinta. Ki faɗa wa likitan. Amma ki kula yadda za ki kawo maganar a gida, kada ta zama ta neman mai laifi.

Baban Khalifa:
Na karanta komai. Har yanzu in ni ne, zan nemi a fara horon tukuna ko na wata ɗaya ne. Amma na janye maganata ta cewa gara wankin hannun. Ban san abin ya kai haka ba. Ki ba maigidan wayar ya karanta da kansa, musamman abin da ɗan'uwanmu da ya sha fama ya rubuta.

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Na dawo bayan mako bakwai, don na ga wasu sun yi ta tambaya ta akwatin sirri. Mahaifinta ya karanta, bai ce komai ba ranar, washegari ya ce in karɓo mana ranar ganin likita. Ya shiga da tambayoyinsa a rubuce. Suka daidaita a kan a fara horon, in bayan mako uku ba ta iya taka matakin farko ba, sai a haɗa da magani. Mako ukun suka cika, ko teburin ɗakin masaniyar ta kasa taɓawa, kuka kawai. Shi da kansa ya je ya sayo. Yau kwananta 26 tana sha. Makon farko ta yi ciwon ciki da rashin barci, likita ya ce a mayar da shi safe, ya lafa. Muna sa ido kamar yadda aka ce.

Ba zan ce ta warke ba. Har yanzu tana daɗewa a banɗaki, hannun bai gama haɗewa ba. Amma ta raɗa wa abin suna, Sarkin Ƙarya take ce masa. Tambayar dare sau ɗaya nake amsawa. Daren farko ta yi kuka kusan minti arba'in, ina zaune a bakin gadonta ina riƙe da ƙafarta, ni ma ina yi a zuci. Jiya ta tambaya, na amsa, ta buɗe baki za ta sake, sai ta ce, "Shi ne ko?" Na ce shi ne. Ta juya ta kwanta.

Ƙaninta ya koma shiga ɗakin, amma bai hau gadonta ba tukuna, wannan ta ba shi maki tara. Ummu Abdallah, ke yaya kika yi da sauran yaran? Nawa ya fara tambayar me ya sa ake ba yayarsa tauraro a takarda don ta taɓa ƙofa, shi da yake taɓawa kullum ba a ba shi komai.

Ummu Abdallah:
Alhamdulillah, na ji daɗin wannan labari. Mu ma mun sha wannan tambayar. Na zaunar da ƙanwarsa na ce mata yayanki yana faɗa da wani tsoro da ke yi masa ƙarya, abin da ke miki sauƙi shi yana masa wuya. Sai na buɗe mata tata takardar a kan abin da ita ke gudu, kwana da fitila a kashe. Ki nemo abin da shi ma yake jin tsoro ki ba shi nasa tsanin. Kuma ki gaya masa in yayarsa ta tambaye shi ko ya wanke hannu, ya ce ta tambayi Mama, kada ta mayar da tambayar kansa. Wane mataki kuke kai wannan makon?

Maman Hanifa:
Mariƙin ƙofar ɗakin girki, da tafin hannu, ba wanki har minti goma. Ta ba shi maki biyar. Ranar Laraba za mu fara.